Carbin da ba ya kwanciya iri ɗaya

Jiya bayan Isha'i ina ɗaki nan Unguwar Rimi a Kaduna, laftof na ta huci, sai yayana ya leƙo ya ce "kai wai wannan tsutsar da ke ta mutsu-mutsu a allon nan mece ce?" Na ce Yaya ai feftaid ne, wato ɗan guntun furotin, sunansa enkefalin, tubalan furotin da ake kira amino asid guda 5 kacal a jere, jikinmu ne ke yin shi don rage zafin ciwo, Hughes da Kosterlitz suka gano shi a Aberdeen a 1975. Na ari carbinsa na watsa kan tabarma sau uku, kowane jifa da irin kwanciyarsa. Toh haka abin nan yake cikin ruwa, ba shi da siffa ɗaya.

Nan ne fa NMR, na'urar maganaɗisu da ake gano siffar ƙwayoyin sinadari da ita, ke iya ruɗa mutum. Na'urar ba ta ganin ƙwaya ɗaya, taron biliyoyi take ji lokaci guda ta ba ka matsakaicinsu, kuma siginar NOE da ke nuna haidirojin biyu sun kusanci juna, wajen angstrom 5 ko ƙasa (angstrom kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita), tana ƙaruwa sosai da an ɗan matso, don haka naɗewar da ba ta daɗe ba ma sai ta cika kunne. Kamar mutum ne yana wuni Kawo a arewacin garin yana kwana Kakuri a kudu, ka ɗauki tsakiya ka ce ai Kasuwar Gumi yake zaune, alhali wucewa kawai yake yi. Wallahi ina jin takaici in na ga an zana siffa ɗaya tal an ce ita ce feftaid ɗin.

Shi ya sa nake kunna GROMACS, shirin kwamfuta ne na kyauta, yana kwaikwayon motsin kowane atom, taku ɗaya femtosakan 2 (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan), kenan kafin a kai maikirosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, sai an yi taku miliyan 500. Su Karplus, masana kimiyyar da suka fara yi wa furotin haka a 1977 kusan fikosakan 9 suka samu, wato femtosakan 9,000 kacal. Amma kwamfuta ma ba a sakin jiki da ita, sai na lissafa siginar da taron siffofin nan zai bayar na gwada da abin da aka auna, in bai zo daidai ba na sake ƙa'idojin lissafin na fara daga farko.

Yaya ya karɓi carbinsa, ya ja kujera ya ce in nuna masa wurin da take naɗewa.