Kangon Fadar Kenilworth, Inda Aka Sa Sarki Ya Yi Murabus

Ranar Asabar da hantsi na hau bas daga Coventry, ko rabin awa ba mu yi ba sai ga mu a garin Kenilworth da ke tsakiyar Ingila. Tun daga nesa na hango katangun jan dutse, ja wur kamar ganuwar Kano bayan an yi ruwa. Babu rufi, tagogi a wangale, tsuntsaye ne ke shiga da fita abinsu.

Geoffrey de Clinton, ma'ajin Sarki Henry na ɗaya, shi ya aza harsashin fadar a shekarun 1120. Sarki John ya ƙara mata ganuwa, aka datse ruwa ya zama ƙaton tafki yana kare ta. Tafkin nan ne ƙarfinta. A 1266 Sarki Henry na uku ya yi wa 'yan tawayen da ke ciki ƙawanya kusan wata shida, har jiragen ruwa aka kawo daga Chester, duk a banza. Yunwa da cuta ne suka sa su miƙa wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1327. A cikin fadar nan aka tsare Sarki Edward na biyu, manyan ƙasa suka zo suka matsa masa ya yi murabus, aka naɗa ɗansa mai shekara 14. Edward na biyu bai ga ƙarshen shekarar ba. Na daɗe a tsaye a tsakar gidan, jikina ya yi sanyi.

Daga nan na hau matakala zuwa benen da Robert Dudley, wani babban bafade, ya gina saboda Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Ita ta ba shi fadar a 1563. Da ta zo a 1575, kwana 19 ta yi ana shagali, shi kuwa yana fatan ta aure shi. Ba ta aure shi ba, har ta rasu ba ta yi aure ba.

Ta tagar benen na leƙa ina neman tafkin. Bayan yaƙin basasa, a 1649, majalisa ta sa aka rushe sashen ginin, aka fasa madatsar, ruwan ya tsiyaye. Ciyawa ce shimfiɗe a wurin yanzu, na ga wata dattijuwa tana ratsawa da karenta.