Wasiƙa daga Amurka: Gaisuwar da Ba Mutum Ya Yi Ta Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, ya gida ya iyali. Mu ma nan sai godiyar Allah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani lamari ne da wataƙila za ku gan shi ƙarami, amma ni ya daɗe yana tsaye mini a rai, wato kiran wayar da ba ka nema ba, ba ka san mai shi ba, sau da yawa ma babu mutum a ɗaya ɓangaren sam.

Lokacin da Hajiya, mahaifiyata, ta zo ta yi 'yan watanni a wurinmu, wata rana na dawo daga aiki na tarar da ita tsaye a falo, wayar girke a kunnenta, tana cewa "na'am, to, madalla." Hajiya ba ta jin Turanci. Tana ganina ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai, zo ka karɓa. Wata baiwar Allah ce tun ɗazu take ta bayani, ban san abin da take so ba, kuma bai kamata a bar ta haka ba." Na kara a kunne, sai na ji muryar mace mai daɗi tana cewa garantin motata ya kusa ƙarewa, wannan ne gargaɗi na ƙarshe, in danna lamba ɗaya in yi magana da wakili. Na kashe. Na ce, "Hajiya, ai ba mutum ba ce, murya ce aka naɗa, na'ura ke sako ta." Ta yi shiru tana kallon wayar, can ta ce, "Amma fa ta yi gaisuwa."

Maganar nan tata ta fi komai bayyana mini inda matsalar take. An tarbiyyantar da mu a kan cewa wanda ya gaishe ka sai ka amsa, kuma ba a katse mutum yana tsakiyar magana. Masu wannan sana'a da kyawun halin mutane suke cin abinci. Sun san akwai wanda zai ji nauyin kashe waya, akwai dattijon da yake zaune shi kaɗai wanda ko muryar baƙo ma ɗebe masa kewa take yi. A kan irin waɗannan suke kafa tarkonsu.

Bari in faɗa muku yadda abin yake aiki, domin saninsa ne ya fara rage mini ɓacin rai. Ba wani ne yake zaune yana danna lambarka da yatsa ba. Kwamfuta ce take buga lambobi masu yawa a lokaci guda, bisa lissafin cewa mafi yawan mutane ba za su ɗaga ba. Wanda ya ɗaga sai ta haɗa shi da ma'aikacin da ya gama da wani. Idan duk ma'aikatan suna kan layi, kai sai ka ji shiru, kana ta "halo, halo," sannan layin ya yanke. Wannan ɗan shirun na farko shi ne babbar alama. Dokar tallace-tallace ta waya a nan ta ce dole a haɗa ka da mutum cikin daƙiƙa biyu bayan ka amsa, kuma kiran da ake yasarwa haka kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Masu bin doka ke nan. Sauran kuwa, ɗagawar da ka yi ma riba ce a wurinsu, don sun tabbatar akwai mai rai a bayan lambar. Idan kuma muryar ta ce ka danna wata lamba a cire ka daga jerin, ka danna, to ka ƙara wa lambarka daraja ne a kasuwarsu. Da kaina na yi wannan kuskuren a shekarata ta farko, kiran kuwa ya ƙaru.

Abin da ya sa suka yi yawa shi ne arha. Kiran ta intanet yake bi, mutum yana wata nahiya zai buga dubbai da kuɗi kaɗan. Ko mutum ɗaya ne cikin dubu ya faɗa, an mayar da uwar kuɗi har da riba.

Sai batun lambar da ke fitowa a fuskar waya, wanda mutane da yawa ba su gane ba. Lambar nan ba shaida ba ce. Kamar adireshin da mai aika wasiƙa yake rubutawa a bayan ambulan take, abin da ya ga dama shi zai sa. Shi ya sa suke zaɓar lambar da farkonta ya yi daidai da taka, ka ɗauka maƙwabci ne ko wani shago na kusa. Wata rana da yamma wani mutum ya kira ni ransa a ɓace, ya ce in fita harkarsa, sau uku ina kiransa yau. Na rantse masa ban taɓa ganin lambarsa ba. Da muka yi magana a tsanake muka gane lambata aka ara aka lulluɓa wa kiran da ake yi masa. Ni da shi duka an cuce mu, kuma saura kaɗan mu zagi juna. Tun daga nan na rage wahalar da kaina da toshe lambobi ɗaya bayan ɗaya, tunda gobe da wata za su zo, wadda ka toshe kuma mai yiwuwa ta wani bawan Allah ce da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ba wai hukuma ta naɗe hannu ba ne. Tun 1991 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ake kira TCPA, wadda ta taƙaita kiran na'ura da muryar da aka naɗa, ta kuma ba wa wanda aka dama damar kai ƙara ya nemi dala 500 a kan kowane kira, har zuwa 1,500 idan da gangan aka yi. Ba a yarda ɗan talla ya kira gida kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare ba. A 2003 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta buɗe rajistar waɗanda ba sa son kiran talla. Kyauta ake shiga, tun daga 2008 kuma rajistar ba ta ƙarewa, yanzu lambobin da ke ciki sun haura miliyan 240. Bayan ka shiga, kamfanoni suna da kwana 31 su daina kiranka.

Mutane suna yawan cewa rajistar ba ta da amfani, ni ban yarda ba. Gaskiya ne ba ta hana ɗan damfara, domin wanda ya fito sata ba takarda ce za ta tsayar da shi ba. Gaskiya ne kuma ta bar ƙofa ga 'yan siyasa, da ƙungiyoyin agaji, da masu jin ra'ayin jama'a, da kamfanin da ka yi ciniki da shi cikin wata 18 da suka wuce. Amma ta yi mini wani babban aiki: ta raba mini zare da abawa. Tunda lambata tana ciki, duk baƙon kamfanin da ya kira yana talla ya riga ya karya doka kafin ya buɗe baki. Wanda ya fara hulɗa da kai da karya doka, me za ka saya a hannunsa? Wannan tunanin shi ya cire mini kunyar kashe waya.

Muryar da ta tsayar da Hajiya ma tana da tarihi. Kiran garantin mota ya addabi ƙasar nan shekaru. A 2022 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta umarci kamfanonin waya su daina ɗaukar kiran wata tawaga da ke bayansa, kuma ya ragu ƙwarai. A watan Agusta na 2023 ta ci su tarar kusan dala miliyan 300, bayan ta ce sun buga kira sama da biliyan 5 cikin wata uku kacal a 2021. Sai dai yanke tara daban, karɓarta daban. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a 2019 cewa cikin tarar sama da dala miliyan 200 da hukumar ta yanke wa masu irin wannan laifi tun 2015, abin da ya shiga hannu bai kai dala 7,000 ba. A ganina umarnin toshe hanya ya fi tarar tasiri nesa ba kusa ba. Haka ma tsarin tantance lamba da ake kira STIR/SHAKEN, wanda aka wajabta wa manyan kamfanonin waya daga ƙarshen watan Yuni na 2021, ya taimaka, ko da yake kiran da ya taso daga ƙetare ko ya bi ta tsofaffin layuka yana iya zamewa.

Ina suke samun lambobinmu? Wasu satowa ake yi daga rumbunan bayanai, wasu kwamfuta ce ke jero su a makance. Amma da yawa mu muke bayarwa da hannunmu. Ka ga fom a intanet, wai ka cike ka ci kyauta, ko a nemo maka inshora mai sauƙi. A ƙasa akwai ƙananan rubutu da ba wanda ke karantawa, cewa ka amince kamfanin da abokan hulɗarsa su kira ka. Abokan hulɗar nan suna iya kai ɗaruruwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yanzu duk inda aka nemi lambata sai na tambayi dalili, idan ba dole ba ne in bar gurbin haka.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. A watan Janairu na 2024, gab da zaɓen fid da gwani a jihar New Hampshire, mutane suka riƙa samun kira da muryar Joe Biden, shugaban ƙasa na lokacin, yana ce musu kada su fita zaɓe. Ba shi ba ne, ƙirƙirarriyar basira aka yi amfani da ita aka kwaikwayi muryarsa. A watan Fabrairu hukumar FCC ta ce irin wannan murya ta shiga cikin abin da dokar 1991 ta hana. Idan an iya yi wa shugaban ƙasa, wa ya tsira? Tun kafin wannan fasaha akwai tsohuwar damfarar da ake kiran kaka cikin kuka a ce jikanta ne, ya yi haɗari ko an kama shi, a turo kuɗi yanzu yanzu kuma kada a gaya wa iyayensa. To yaya idan muryar ta jikan ce sak? A gidanmu mun tsayar da wata kalma da mu kaɗai muka sani, duk wanda ya kira yana neman kuɗin gaggawa sai ya faɗe ta. Mun kuma yi alkawari cewa komai tashin hankalin da aka zo da shi, za mu kashe mu kira mutumin ta lambar da muka san shi da ita. Banki ma haka, hukumar haraji ma haka: ka kashe, ka nemo lambarsu da kanka. Duk wanda ya ce kada ka kashe, ko ya nemi lambar sirri da aka turo maka, ko ya ce ka sayo katin kyauta ka karanto masa lambobin bayansa, ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba kuɗi ba ne. Da na gaji, sai na kunna tsarin nan na waya da ke hana baƙuwar lamba yin ƙara. Na samu sakat na 'yan makonni. Ran nan 'yata ta faɗi a filin wasa a makaranta ta buge hannu, ma'aikaciyar jinya ta kira ni sau huɗu ta wani layi da ba ni da shi. Wayar tana aljihuna, ko motsi ba ta yi ba. Sai da na fito hutun rana na ga saƙon murya. Na isa na same ta zaune a kan benci ta rungume hannun da ɗayan, hawayen sun bushe a fuskarta, ta ce, "Baba, na ce musu kullum kana ɗauka." Babu laifin kowa a makarantar. Masu kiran banza ne suka koya mini ƙin amsa waya, yarinya ta biya.

Mu da muke nesa da gida abin ya fi mana zafi. Baƙuwar lambar ƙasar waje da ƙarfe uku na dare ita ce kiran da kowannenmu yake tsoro, ita ce kuma wadda ba zai iya ƙyalewa ba. Akwai damfarar da aka gina a kan haka, sunanta wangiri, kalmar Japananci ce mai nufin ƙara ɗaya a katse. Su buga sau ɗaya su kashe, kai kuma gabanka yana faɗuwa ka bi kiran, ashe layi ne mai tsada da ake caje ka kowane minti. Na sha zama a bakin gado ina kallon irin wannan lambar, zuciyata tana cewa kira, hankalina yana cewa dakata.

Yanzu na cire wancan tsarin da ke hana baƙuwar lamba yin ƙara. Na adana duk layukan makaranta da na asibiti da na wurin aiki, sauran kuma ina ɗagawa in yi shiru in saurara. Idan mutum ne zai yi magana, idan na ji shirun nan sai in kashe ba tare da na ce uffan ba. Kafin Hajiya ta koma na nuna mata sunayen da ke fitowa a fuskar wayar girke, na ce in ba ta ga ɗaya daga cikinsu ba ta bar ta ta yi ta ƙara. Ta ce to. Amma har ranar da ta tafi, wayar tana ƙara sai ta miƙe, ta kai rabin falo sannan ta tuna ta tsaya.

Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya. Duk wanda zai kira ni da sabon layi ko da wayar aro, don Allah ya fara turo ɗan saƙo ya ce shi ne. Idan ban ɗaga ba ya bar magana, zan biyo kiran da zarar na gani, in sha Allahu. A gaida kowa da kowa, manya da yara.

Naku,
Ɗan'uwanku a Amurka