Shekara tara a ɗakin bidiyo, da kafaɗar da ta karye a dalilina

Ranar Juma'ar nan zan mayar da makullin ɗakin bidiyo. Tun kakar 2013 nake cikinsa, daga ɗalibin da ke saɓa kyamara ya hau saman husumiya da asubar sanyi, har na zama wanda ake miƙa wa rahoton abokan karawa kafin ya isa hannun 'yan wasa. 'Yan uwanmu da ke bin ƙwallon Amurka na jami'o'i sun sha tambayata yadda aikin yake, ni kuma ina kauce wa amsar, domin duk ta inda na ɗauko zancen sai ya kai ni ga wani yammacin Asabar a watan Oktoban 2016.

Na zo a kan gaɓa mai daɗi. Kakar da ta gabaci shigowata ce Johnny Manziel ya je har gidan Alabama, suna na ɗaya a ƙasar, ya doke su 29 da 24, ya kuma zama ɗan wasa na farko da ya ɗauki kambun Heisman, wato kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a kakarsa ta farko a fili. Da faifansa aka koya mini yanka bidiyo. Bayansa Jameis Winston ya zo, Marcus Mariota ya biyo. A lokacin kallon da nake yi wa kwatabak, wato mai jan ragamar masu kai hari da jefa ƙwallo, shi ne na mutumin da Allah ya ba hannu da ƙafa da ƙarfin zuciya, ya karɓi ƙwallo ya yi abin da ya ga dama. Sai da na zauna a ɗakin na gane cewa kafin yaro ya ce a miƙo masa ƙwallon nan, abin da ke kansa wasu ne suka zuba masa tun ranar Litinin. Daƙiƙa 40 gare shi tsakanin zubi da zubi, wato daga tsayawar wasa zuwa sake miƙo masa ƙwallo. A cikinsu zai karɓi umarni daga gefen fili, ya dubi yadda masu tsaro 11 suka jeru, ya gaya wa ƙartin nan biyar da ke gabansa ɓangaren da za su karkata su tare masa. Babu lokacin tunani mai tsawo. Abin da rahoto ya ce masa, shi yake bi.

Rahoton makon nan ni na haɗa shi. A filin jami'o'i, idan aka ajiye ƙwallo a kan ɗigon layi na gefe, ɓangare ɗaya yana da faɗin ƙafa 100, ɗayan ƙafa 60 kacal, shi ya sa kowane zubi sai mun rubuta ko farmakin masu tsaro ya fito ta faffaɗan ɓangare ko ta matsattsen. Wasanni huɗu na abokan karawar aka ba ni daren Lahadi. Biyu na yi su daidai. Biyun ƙarshe na yi su wajen ƙarfe uku na dare, ga jarrabawa tana jirana da safe, kuma kyamarar bayan fili a waɗancan faifan daga ɗaya ƙarshen aka ɗauke ta, hagu ya koma dama. Ban lura ba. Duk inda suka shigo ta matsattsen ɓangare na rubuta faffaɗa. Da kwamfuta ta tattara lissafin, sai takardar ta nuna cewa a dama ta uku, wato yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi 10, in da sauran yadi mai yawa, ta faffaɗan ɓangare suke auko wa kwatabak. Aka buga, aka sa a allon hannun yaron da ke mana kwatabak ranar Talata.

Yaron shekararsa 20, kuma kakarsa ta farko ke nan a matsayin mai fara wasa. Ba shi da yawan magana. Yakan shigo ɗakinmu bayan kowa ya watse, da ledar ƙanƙara ɗaure a gwiwar hannu, ya ja kujera kusa da ni ya ce in mayar masa da zubi kaza. Sai ya kalla sau goma, yana motsa leɓe, yana nuna allo da bakin biro. Da ya ga ina shimfiɗa sallaya a lungu da magariba, tun daga ranar in lokaci ya yi shi yake dakatar da faifan da kansa, ya jira ni. Ni na san ya yi karatunsa, domin a gabana ya yi shi.

Ina saman husumiya da kyamara abin ya faru. Zango na biyu, dama ta uku, saura yadi 8, ƙwallo a ɗigon hagu. Na ga ya ɗaga hannu ya nuna dama, ƙartin suka karkata can, kamar yadda takardata ta ce. Mai tsaron gefen hagu ya saki wanda yake gadi ya taho a guje, babu wanda ya ko taɓa shi. Yaron ba bahago ba ne, saboda haka bayansa ne ke fuskantar hagu. Bai gan shi ba. Ta gilashin kyamara na ga kansa ya yi baya, ƙwallon ya suɓuce, shi kuma ya faɗi a kan kafaɗar da yake jifa da ita da nauyin mutum a samansa. Ƙashin wuyan kafaɗa ya karye. Aka ci mu a wasan, kakarsa kuma ta ƙare a nan.

Washegari Lahadi aka taru kallon faifai. Kocin masu kai hari, wanda shi ne maigidana kai tsaye, ya tsayar da hoton daidai inda yaron ke nuna dama. Ya mayar, ya sake mayarwa. Yaron na zaune a gaba da hannu rataye a wuya. Kocin ya ce masa a gaban kowa, wanda bai iya karanta abin da ke gabansa ba, ba shi da hurumin jan ragamar mutane. Yaron ya ce, "Koci, abin da takarda ta nuna na bi." Kocin ya ce takarda ba ta da ido, shi ke da ido. Ni ne ke danna maɓallin mayar da hoton.

A daren na koma kan wasannin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Kafin sallar asuba na ga abin da na yi, har da wurin da na fara juyawa. Ƙarfe bakwai na ƙwanƙwasa ofishin kocin da takardu biyu, ta kuskure da ta gyara. Ya duba su a tsaye, bai ce in zauna ba. Ya tambaye ni wa ya sani ban da ni. Na ce babu. Ya ce to in gyara abin da ke cikin kwamfuta, in manta. Na ce, "Koci, yaron fa? Ka gaya masa laifinsa ne." Ya dube ni ya ce in zancen ya kai ga babban koci, ba ni kaɗai zan amsa tambaya ba, shi ne ya sa hannu a rahoton bai duba ba, kuma ya san kuɗin karatuna na digiri na biyu a kan wannan aikin yake rataye, izinin zamana a ƙasar kuma a kan karatun. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Na kira Yayana a gida na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, haƙƙi ne fa. Amma kai ke can, kai ka san nauyin da ke kanka." Na fahimci abin da yake nufi sarai, na kuma zaɓi rabin maganar da ya fi mini sauƙi. Na gyara kwamfuta. Na yi shiru.

Kafaɗar ta warke, gurbinsa bai dawo ba. A atisayen bazara aka ba wani, kuma maganar da ke yawo a ofis ita ce yaron yana da hannu amma kansa ba ya ja. Na ji ana faɗin haka a gabana ya fi sau nawa, ina zuba kofi ko ina haɗa waya. Ya nemi canjin makaranta. A dokar wancan lokacin, wanda ya koma wata babbar jami'a kafin ya kammala digiri sai ya zauna shekara guda ba ya wasa, irin zaman da Baker Mayfield ya yi a 2014 bayan ya bar Texas Tech ya koma Oklahoma. Koci kuwa yana iya ajiye aiki yau, gobe a gan shi da hular wata makaranta. Yaron bai iya jiran shekarar ba, ya sauka zuwa ƙaramin rukuni inda ba a nuna wasa a talabijin.

Tun daga nan na daina yarda da hukuncin da ake yanke wa kwatabak a ɗakin taro. A kakar da abin nan ya faru ne Lamar Jackson na Louisville ya ɗauki Heisman yana ɗan shekara 19, da ci 51 tsakanin jifa da gudu, amma da lokacin ɗibar 'yan wasa zuwa gasar ƙwararru na 2018 ya zo, manya masu suna suka ce ya koma mai cafe ƙwallo, jifa ba nasa ba ne. Kwatabak huɗu aka ɗauka kafin shi, ya fita a na 32. A 2019 babu ƙuri'a ɗaya da ta kauce masa wajen zaɓen gwarzon babbar gasar ƙwararru. Joe Burrow shekara uku ya yi a benci a Ohio State, ya koma LSU, a 2019 ya jefa ci 60, suka yi wasa 15 ba a doke su ba. Cardale Jones na uku ne a layin kwatabak na Ohio State a 2014, sai da biyun gabansa suka ji rauni aka tuna da shi, ya ci Wisconsin 59 da nema, ya ci Alabama, ya ci Oregon, ya ɗauko kofi a wasanni ukun farko da ya fara. Waɗannan sun sami ƙofa ta biyu har duniya ta gan su. Ina yawan tunanin nawa ne irin yaronmu, waɗanda wani ya rubuta musu hagu a wurin dama, aka rufe littafinsu a kan haka.

Daren 8 ga Janairun 2018 ina ɗakin ni kaɗai ina kallon wasan ƙarshe na cin kofin jami'o'i, tsakanin Alabama da Jojiya. Jalen Hurts ya ci wa Alabama wasa 26 cikin 28 da ya fara, amma da aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na gaba 13 da nema, aka zaunar da shi aka sa Tua Tagovailoa. Tua ya ci wasan 26 da 23, kyamara ta nuno Hurts yana murna tare da shi. Bai bar makarantar a shekarar ba. A Disamba, a filin nan dai na Atlanta, da Jojiyar nan dai, Tua ya ji rauni ana bin su 28 da 21, Hurts ya shigo ya jefa ci ɗaya ya ruga ɗaya, aka tashi 35 da 28. Kowa na yabon haƙurinsa, kuma ya cancanta. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, aƙalla shi an gaya masa gaskiyar dalilin zaunar da shi. A makon ne na nemo lambar yaron na kira shi.

Na faɗa masa komai, har da zancen ofis. Ya daɗe bai ce uffan ba, ina jin ƙarar mota a bayansa. Ya ce shekara biyu yana kallon zubin nan a wayarsa yana neman abin da ya kasa gani. Ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na ce tsoro. Ya ce ya gode da na kira, ya kashe. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙe shi ya faɗa ba, don ba ni da bakin roƙon. Da sallar layya ta zagayo ya turo mini gaisuwa ta layi ɗaya, kuma har yau yana turowa.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Kada mutum ɗaya ya rubuta rahoto ya kuma duba kansa. Tun 2017 babu takardar da ke fita daga ɗakina sai ido biyu sun bi ta, kuma ba a sake samun irin wannan ba. Aikin ƙarfe uku na dare, a sake duba shi da rana. Wanda ke ƙasa da kai in ya kawo maka kuskurensa da ƙafarsa, ka ba shi kujera. Dokar da ta ce sa'a 20 a mako ɗan wasa zai ba ƙwallo, a takarda take. Batun kuɗi kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: a 2013 an hana Manziel rabin wasa a kan zancen sa hannu a kayan masoya, a 2017 Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, ya karɓi sama da dala miliyan 11, kuma sai 1 ga Yulin 2021 aka bar yaran su ci moriyar sunansu. Waɗanda na yi aiki da su a shekarun nan sun tafi da tabo a gwiwa da kafaɗa, ba su ga ko sisi ba.

Kocin ya sami babban matsayi a wata jami'a shekara biyu bayan abin. An yi masa walimar bankwana a zauren cin abinci, na ce ina da faifan da zan yanka. A watan jiya ya turo saƙo cewa ya ji zan tafi, in ina son takardar shaida zai rubuta mini mai kyau. Ban amsa ba tukuna, kuma ba na jin zan amsa.

Yarinyar da za ta gaje ni ta fara zuwa tun Litinin. Jiya na zaunar da ita na buɗe mata zubin nan, dama ta uku, saura yadi 8, na ajiye takardun biyu a gabanta, ta kuskure da ta gyara, waɗanda ban taɓa yarwa ba. Na gaya mata wanda ya rubuta ta farkon. Ta kalli faifan sau uku, sannan ta tambaye ni ta wane ƙarshen fili aka ɗauki hoton.