Tarihin Rayuwata a Garejin Babura, Kashi na 7: Kafin Ka Yarda a Sauke Maka Inji

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a kan sayen tsohon babur, da yadda za ka gwada lambar inji da ta firam da abin da ke rubuce a rasit don kada ka sayi rigima da kuɗinka. To yau babur ya shigo gida, saura a tashe shi. Wannan kashin babu labari a cikinsa, aiki ne zalla.

Yawancin tsofaffin baburan da ake kawowa gareji a Kano 'yan zamanin acaɓa ne. Bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur, Adaidaita Sahu ta karɓe titi. Wasu baburan aka tura ƙauye, wasu aka jingine su a soro ana shanya musu tabarma. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai ga magidanta suna ajiye mota suna kakkaɓo su. Shi ya sa irin wannan babur yakan zo da ciwo biyu: wanda aiki ya sa masa, da wanda zama ya sa masa. Na zaman ya fi yawa, kuma ya fi arhar magani.

A nan ake cutar mutane. Mai babur zai ce, "Oga, ba ya ja, kuma da safe sai na yi ta kik." Kafin ya rufe baki an ce masa, "Alhaji, ai sai an sauke inji, ringi ne." A ganina sauke inji shi ne abu na ƙarshe. Kafin a kai can akwai mai, akwai iska, akwai wuta, akwai tafet (saitin tazarar bawul ɗin inji), kuma cikin waɗannan huɗun ake samun yawancin matsalar.

Fara da tanki. Buɗe murfin ka haska fitilar waya ciki. Baburin da ya daɗe a ajiye da ɗan guntun fetur, bangon tankinsa tsatsa ne, ƙasansa kuma ruwa ne, don ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. In ya sha man 'yan bumburutu a baya, har yashi za ka tarar. Cire tankin, ka kwance makunnin mai, ka zuba kananzir kamar rabin lita da ƙananan noti cikin tafin hannu guda, ka toshe ka yi ta girgizawa. Zubar, ka sake, har sai abin da ke fitowa ya fito fes, sannan ka ƙirga notinka ka tabbata duk sun fito. In tankin na yoyo, kada ka bari mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke shi da ruwa da omo sosai, don tururin fetur da ya rage a ciki shi ke fashewa. Bayan haka sa ɗan ƙaramin filta a tiyon mai, tsakanin tanki da kafireta. Akwai kuma ɗan ramin iska a murfin tanki. In ya toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu, kana buɗe murfin ka ji ya ja iska, ya kuma tashi lafiya lau. Mutane da yawa sun sayi sabon kwayil, mai ba fulogi wuta, a kan wannan ɗan ramin.

Sai kafireta. Kwance kwanon ƙasa, za ka ga wani datti kore-kore ko ja mai danƙo, wato fetur ɗin da ya bushe. Jet biyu ne a ciki: babban da ke ba da mai in an murɗa totur, da ƙaramin da ke riƙe sulo, wato aikin inji ba a murɗa totur ba. Ƙaramin ne ke fara toshewa don raminsa bai kai bakin allura ba. Alamarsa ita ce babur ba ya tashi sai da cok, kana sakin totur kuma ya mutu. Jiƙa su a fetur, ka hura da iskar mai faci. In dole sai an zura wani abu, zaro silin jan ƙarfe guda daga wayar wuta. Allura ko wayar birki suna faɗaɗa ramin, daga nan babur ya koma shan mai har abada. In fetur na ɗiga ta tiyon ƙasa, allurar fulot ce, mai tsayar da mai in kwanon ya cika, ta cinye, duba bakinta za ka ga zobe ya fito a jikin robar. Sukurun iska kuwa, murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, kada ka matse, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, sauran saitin sai inji ya yi zafi. Duba kuma robar da ta haɗa kafireta da inji. Zafin Maris da Afrilu yana tsattsaga ta. In babur na sulo ka ɗan motsa kafireta da hannu ka ji ƙarar inji ta canza, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma babu saitin da zai zauna sai an canza robar.

Filtar iska ita ce abin da aka fi rainawa a garin nan, alhali ƙurar hunturu ita ke cinye ringi, wato zoben fistin. Wasu ma cire ta suke yi wai don babur ya ƙara ja. In soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu ba tare da ka murɗe shi ba, ka bari ya bushe, ka shafe shi da baƙin mai ka sake matsewa har ya zama danshi kawai. Busasshen soso ba ya kama ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a yi haka duk mako biyu. In ka taɓa shi ya marmashe, ya gama aiki. Na takarda kuwa ba a wanke shi, canzawa ake yi.

Fulogi shi ne mai ba da shaida. Injin CG, wato na Honda CG125, da ire-irensa suna amfani da fulogi mai lamba D8EA, yawancin roba-roba kuma C7HSA, tazarar bakin tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Lafiyayyen fulogi bakinsa kalar shayi mai madara ne. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa ko filta ta toshe. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. Fari fat kuwa iska ta yi yawa, inji na cin zafi, wannan ne ma ya fi haɗari. Don gwada wuta, sa fulogin a hularsa, ka jingina shi da ƙarfen inji ka yi kik. Wutar ta zama shuɗiya mai ƙara, ba ja mai sanyi ba. Baburin da ke mutuwa in ya yi zafi, ya tashi in ya huce, a tuhumi kwayil ko CDI, ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Wanda ke mutuwa da an fara yayyafi, hular fulogin ce ta tsage. In za ka mayar da fulogi fara ɗaura shi da yatsu, don zaren kan inji na alminiyam ne, sifana ɗaya a karkace ta isa ta lalata shi.

Yanzu tafet, inda hannun bakanike ke nuna kansa. Honda ta fito da CG125 a tsakiyar shekarun 1970, da niyyar ƙasashen da babur ke shan wahala ba ya samun kulawa, shi ya sa kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayon injinsa. Amma duk juriyarsa yana son tazararsa daidai: milimita 0.08 a bawul ɗin shiga da na fita. Roba-roba kuma 0.05. Ana yi ne inji na sanyi, gara wanda ya kwana. Juya maginito, faifan da ke gefen inji mai samar da wuta, har alamar T ta zo daidai da tsagin da ke jikin murfi, ka taɓa hannayen tafet biyun ka ji duk suna ɗan motsi. In ɗaya a matse yake, ƙara zagaye guda. Zura filageji, wato fallen ƙarfen auna tazara, ka saita har ya riƙa wucewa da ɗan ja, ka riƙe sukurun ka ɗaure notin, sannan ka sake gwadawa don ɗaurin kan motsa shi. Masu saitawa da kunne suna matsewa har ƙarar ta ɗauke, mai babur ya tafi yana murna inji ya yi shiru. Abin da bai sani ba, da ƙarfe ya yi zafi bawul ba zai rufe ruf ba, matsi ya zube, bakin bawul ya ƙone. Ɗan "cak-cak" kaɗan a injin CG lafiya ce.

Baƙin mai, injin CG yana ɗaukar kusan lita guda, 20W-50. Da ƙurarmu da zafinmu, ni ba na son ya wuce kilomita 1,500. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, don kuloci a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi, ba ka san me aka haɗa ba. A gefen hagu ta ƙasa akwai murfi mai cin sifana 24, bayansa akwai sifirin da 'yar rariya, a wanke ta duk canjin mai. Akwai kuma wata matata da mutane ba su sani ba, a bayan murfin kuloci, wani ɗan kwano mai juyawa da sukuru uku. A tsohon babur za ka same shi cike da baƙin laka da ya daskare, sai an kankare da sukudireba. Wajen auna mai, tsayar da babur a miƙe, ka ɗora sandar awo ba tare da ka murɗa ta ciki ba.

In duk an yi waɗannan, amma kik yana tafiya sakwaf, shuɗin hayaƙi bai daina ba ko inji ya yi zafi, mai kuma yana raguwa babu yoyo, to yanzu maganar ringi ta taso. Ko a nan akwai gwaji. Zuba baƙin mai cokalin shayi guda ta ramin fulogi ka yi kik. In kik ya yi tauri, ringi ne. In bai canza ba, bawul ne, kan inji kawai za a buɗe. Hayaƙin da ke fitowa da safe kaɗai ya ɗauke, robobin bawul ne. In an cire bulok, ja farcenka a cikinsa ta sama. In farce ya maƙale a gaɓa, sabon ringi kaɗai asarar kuɗi ne, sai an yi boring, wato faɗaɗa ramin bulok. Faɗin bulok ɗin CG125 milimita 56.5 ne, ana ƙarawa 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Sayi fistin tukuna, ko a Fagge ko inda ka yarda da kayansu, ka haɗa shi da bulok ka kai wa mai boring ya yanka daidai da shi. Kafin a rufe, kama kwanrod, sandar da ke riƙe fistin, ka ja sama da ƙasa. In akwai motsi ko kaɗan, boris ɗin ƙasa ya tafi, sabon fistin ba zai hana inji bugawa ba. Wajen haɗawa, rubutun ringi ya kalli sama, bakunansu kada su yi layi ɗaya, alamar IN ta fistin ta kalli kafireta, a sa sabon kilif na fil ɗin fistin, a toshe bakin inji da tsumma don kada ya faɗa ciki. Kilomita 500 na farko a bi a hankali, babu goyon buhu, sannan a zubar da man.

Jincheng mai tu-ti (man 2T da ke ƙonewa tare da fetur), wadda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100, lissafinta daban ne. Ba ta da tafet, hayaƙi kuma ɗabi'arta ce. In an cire mata famfon tu-ti, a haɗa mililita 25 zuwa 30 a kowace litar fetur, kuma tu-ti na gaske, ba baƙin mai ba. In ta daina ja, duba salansa kafin komai, gawayi ne ke toshe ta, a ƙona a kakkaɓe. Oyil sil biyu na karanshaf su ne ciwon tsufanta: na ɓangaren maginito in ya mutu, sulo ya riƙa tashi da kansa har fistin ya kama. Na ɓangaren kuloci kuma yana zuƙar man giya, ka ga farin hayaƙi mai kauri.

Sauran na ƙasa ba su da wuyar ganewa. Cen da sifoket biyu tare ake canza su, yanke ɗiya ɗaya daga cen da ya miƙe ba gyara ba ne. A bar masa sassauci santimita 2 zuwa 3, rufaffen kan kilif ya kalli inda cen ke tafiya. A jikin taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Taya mai wannan shekarun ko zanenta bai goge ba, ta bushe. Batir a tsaye ya nuna sama da bolt 12.4, inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. In ƙwan fitila na yawan ƙonewa, rektifaya ce, mai daidaita ƙarfin wuta. In ka tarar an naɗe gurbin fis da waya ko takardar taba, cire ta yau ɗin nan, wayarin gaba ɗaya take ƙonawa.

Birki, boris ɗin wuya da shokozoba suna bukatar zama na musamman, musamman ga mai bin unguwannin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Da su za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.