"Wai" ɗin Turawa da jan biron Malam

Ranar Talata na karɓo babi na biyu na aikin bincikena daga hannun sufabaiza ɗina, wallahi kamar an yanka kaza a kai, jan biro ta ko'ina. Ga sanyin Jos na ƙarshen shekara, na samu benci wajen mai shayi a Farin Gada ina buɗa shafi ɗaya bayan ɗaya, duk zatona nahawu ne ya kayar da ni, ashe ba shi ba ne. Kusan duk inda Malam ya zagaye kalma ɗaya ce tal, wadda nake sawa bayan sunan marubuci. Na rubuta wane "claims", shi kuma ya rubuta a gefe: ƙaryata shi kake yi?

Ni fa a wajena "says" da "shows" da "argues" da "claims" duk kanwar ja ce, canza su kawai nake yi don kar a ce na cika maimaici. Da na koma ofis na ce ranka ya daɗe ban gane laifin kalmar nan ba, sai ya yi dariya ya ce, in na ce maka Audu ya biya kuɗin, sannan wani ya ce maka wai Audu ya biya kuɗin, magana ɗaya ka ji? Nan take na gane, don ko yaron firamare ya san mai cewa wai ya zare hannunsa. To "claims" ita ce wai ɗinsu. In ka ce wane "shows" ko "demonstrates" ka sa hannu kenan, ka yarda binciken ya tabbatar da abin. "Suggests" kuma akwai alama amma ba a yanke ba, "argues" mutum ya kawo ra'ayi da hujjarsa kai kuma ba ka riga ka faɗi ɓangaren da kake ba. Ni ko na bi na maƙala wa mutumin da na gina aikina gaba ɗaya a kan nazarinsa kalmar "wai" har sau huɗu.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, ai mun yi wannan karatun tun a zaure. Malaman hadisi sun daɗe da raba sigar jazmi da sigar tamrili, in malami ya ce ƙala, wato ya ce, ya tsaya a kan maganar, in kuwa ya ce ruwiya, an ruwaito, to ka yi hattara yana nuna maka bai ɗauki nauyin ingancinta ba. Na san wannan da Larabci, na san shi da Hausa, amma da aka zo Turanci sai na zama baƙo.

Sai kuma uwa uba, "studies have shown" da muke watsawa kamar gishiri ba tare da sunan kowa ba. Wannan "an ce" ne kawai ya sa kwat. Malam ya rubuta: waɗanne? su waye? yaushe? An ce da kare ana biki a gidansu ya ce mu gani a ƙasa. Ƙa'idar dai, in bincike ɗaya kake nufi ka kawo suna da shekara ka ce wane "found", in kuma tarin ayyuka ne sai ka yi "have shown" ɗinka amma ka jero su. Tsarin APA, wato ƙa'idojin ambaton madogara a rubutun bincike, bugu na 7 da ya fito a 2019 ma ya sauƙaƙa, marubuta uku zuwa sama sunan na farko kawai za ka sa da "et al.", wato "da sauransu", tun daga ambaton farko, saɓanin bugu na 6 da sai ka lissafo har mutum biyar a karon farko.

Wata 'yar ajinmu ta turo min Academic Phrasebank na Jami'ar Manchester ta Ingila a WhatsApp, jimloli ne jere an ware su gida-gida, har da na yadda ake ambaton aikin wasu. Yana da amfani sosai ba ƙarya, sai dai ba zai gaya maka ko ka yarda da marubucin ko ba ka yarda ba, wannan kam aikinka ne.

Kuma a nan asirina ya tonu. Da na zauna gyara daren jiya na iso kan wata maƙala, na rasa "shows" zan sa ko "suggests", saboda gaskiya tsakure kawai na karanta, ban taɓa leƙa yawan mutanen da aka yi binciken a kansu ba balle yadda aka zaɓo su. Na ƙirga irinta guda bakwai a babin. Malam ya ce Litinin yake son gani, ga data ta kusa ƙarewa.