Abin da sayar da ganyen shayi ya koya mini

A shekarun da na yi ina tsaron shagon kayan shayi a Kano, babu ƙorafin da na ji kamar na ɗaci. Mutum zai ji an ce koren shayi ya fi lafiya, ya zo ya saya da zumuɗinsa, ba a jima ba ya dawo fuska a yamutse: "Malam, wannan ganyen naku ai maɗaci ne." In ka tambayi yadda aka haɗa shi, kusan amsa ɗaya ce. An ɗora tukunya, an watsa ganye, an bar shi yana ta tafasa, yadda aka saba yi wa baƙin shayi da citta da kanumfari.

Maigidana ne ya fara warware mini zancen. Baƙin shayi da kore duk daga tsiro ɗaya suke, sarrafawa ce ta raba su. Baƙin ana barinsa iska ta yi aiki a kansa har ya rine. Koren kuwa da an tsinko shi ake dakatar da wannan aiki da zafi, mutanen Sin galibi su soya shi a busasshen kasko, na Japan su turara shi. Shi ya sa yake riƙe da korensa, yake kuma riƙe da sinadarin katekin mai yawa, wanda shi ne ke kawo bauri. Tafasasshen ruwa yana fizgo wannan sinadari da sauri, alhali ɗan garɗin da ke cikin ganyen ko a ruwan da bai kai haka zafi ba yana fita. Don haka mai son shan sa ba sukari ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 yake bukata, da ƙaramin cokali ɗaya na ganye a kofi guda, da minti 2 zuwa 3.

Wa ke da ma'aunin zafi a kicin? Ba sai da shi ba. A tafasa ruwan a sauke, a bar shi a buɗe kamar minti 5. Mai sauri kuma ya auna kashi uku na tafasasshe ya sirka da kashi ɗaya na ruwan sanyi, zai sauka kusa da digiri 80. In lokaci ya cika a tace shi tas, kada a bar ko kaɗan a kan ganyen, don abin da ya rage zai ci gaba da jiƙa ya ɓata zubi na gaba. Ganye mai kyau yana ɗaukar zubi biyu, har uku. Mafi muni shi ne zuba ganye a fulas tun safe a yi ta tsiyaya har la'asar. Na rana ɗaci, na yamma ba ya ma shawuwa.

To, amma ga Buzaye, su da ba wanda zai koya musu shayi, tafasa shi suke yi a kan gawayi har ya yi kauri. Wannan ya daɗe yana ɗaure mini kai, sai da na riƙa zama da masu gadin layinmu, mutanen Agadas da Tawa, ina kallon hannunsu. Da farko ganyensu daban ne. Irin wanda aka murza ƙulu-ƙulu ne, ko mai lanƙwasa siriri, da ake shigowa da shi daga Sin cikin ƙananan kwalaye masu lambobi kamar 3505 da 41022. Ganye ne mai ƙarfi da ke jure wuta. Da yawansu sukan fara ɗauraye shi da ɗan ruwan zafi su zubar. Sannan sukari ba a yi masa rowa, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa ana mayarwa har kumfa ta tashi, shayin ya huce ya haɗe. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne kofin: ɗan mitsitsi, kurɓa biyu zuwa uku ya ƙare. Zagaye uku ake yi da ganye guda, na farko mai kaifi, na ƙarshe sassauƙa mai zaƙi, wani lokaci da na'ana'a. Haka samari ke yi a fada, wato majalisar hirarsu, a Damagaram da Maraɗi, kuma hira ce ke tafiyar da butar, ba agogo ba.

A nan na gane inda mutanenmu ke shiga uku. Suna ɗauko tafasar Buzu, su bar masa sukarinsa da ƙaramin kofinsa, su cika babban kofi su shanye da sassafe ba komai a ciki. Sai tashin zuciya, wani har da faɗuwar gaba. Wasu kuma don kashe ɗacin su antaya sukari cokali-cokali, alhali gudun sukarin ne ya kawo su ga koren shayi tun farko. Na ga masu ciwon suga da dama a wannan sahu. Shi ya sa kafin in miƙa kaya nake tambaya: "Hajiya, na buta za a yi ko na jiƙawa?" Amsar ce ke nuna kwalin da zan ɗauko da bayanin da zan yi.

Ajiya ma tana kashe ganye. Yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, don haka wanda aka ajiye a ledarsa kusa da daddawa ko garin sabulu ko turaren wuta ya tashi aiki. Gwangwani mai murfi, nesa da rana da murhu, musamman da damina. Kuma a sayi kaɗan, domin kore ba ya jimirin zama kamar baƙi, ƙamshinsa na gudu da wuri. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse mai nauyi ne, yana dusashe launin shayi ya bar wata yana a samansa. Sai a zargi ganye, alhali da an canza ruwa magana ta ƙare.

Batun rage tumbi kuwa, wanda shi ne ke kawo yawancin masu saye, ban taɓa yi wa kowa alkawari ba, ko da hakan ya sa ciniki ya tafi shagon gaba. Abin da nake faɗa shi ne akwai kafeyin a ciki, bai kai na gahawa ba amma ya isa ya hana marar nauyin barci runtsawa in ya sha bayan isha. Kuma shayi, kore ko baƙi, yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganyayyaki. Mai juna biyu ko mai ƙarancin jini gara ta ba da tazarar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi, ta kuma ji ta bakin ma'aikatan asibitin da take awo kan yawan da za ta sha.