Kafin ka biya kuɗin mota a ƙasar waje, fara da lissafin kwastan

A nan Sakkwato mun daɗe da sabawa da wata hanya guda ta samun mota. Dillali zai tafi Kwatano ya zaɓo ta, a biyo da ita ta Nijar har Birnin Konni, ta shigo ta Illela, a biya kuɗin fito a nan kusa da gida. Wannan hanya ta toshe tun ranar 1 ga Janairu 2017, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta mayar da harkar tashoshin jiragen ruwa. Duk da haka har yau ina jin mutane suna lissafi irin na da, kamar dai abin da ake buƙata shi ne kuɗin mota da amintaccen direba. Wanda yake son ya sayo mota daga Amurka ko Turai da kansa ya kamata ya san cewa yardar hukuma ba a tashar jirgi ake fara nemanta ba, tun kafin a danna sayen motar ake tabbatar da ita.

Abu na farko shi ne a duba ko doka ta yarda motar ta shigo ma. Akwai iyakar shekaru: a da shekara 15 ce daga shekarar da aka ƙera mota, daga baya aka rage zuwa 12. Sannan akwai maganar sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da sitiyarinta yake dama, irin wadda ake samu da araha a Ingila da Japan, ba ta da gurbi a kan titunanmu. Masu cewa a kawo ta a juya sitiyarin a gareji suna wasa da rayukan mutane ne, domin birki da wayoyin wuta ba abin da ake yi wa kwaskwarima da ka ba ne.

Bayan wannan sai takardu. Mai shigo da kaya yana buƙatar lambar biyan haraji ta TIN, kuma a ƙa'ida ta bankinsa yake buɗe Form M, takardar da ke sanar da hukuma abin da zai shigo da shi. Kamfanin jirgin ruwa zai ba da takardar ɗaukar kaya, kuma a nan nake roƙon kowa ya buɗe ido: sunan da ke kanta shi ne mai mota a idon hukuma, saboda haka ka tabbatar naka ne, kuma lambar VIN, wato haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar, ta yi daidai harafi da harafi. Kuskuren harafi ɗaya kan iya zaunar da mota a tashar Tin Can ko PTML a Legas, kuɗin ajiya yana hauhawa kullum, kai kuma kana Sakkwato kana bugun waya. Akwai kuma rajistar VREG da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da ita a 2021, inda ake shigar da lambar VIN ta motar kafin a fitar da ita.

Inda aka fi shan wahala shi ne kuɗin fito. Tun 2022 Hukumar Kwastan ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar VIN, kwamfuta ce ke fitar da ƙimar bisa ga samfuri da shekara, ba rasit ɗin da ka zo da shi ba. Ko da ka samu motar a gwanjon Copart, kamfanin gwanjon motoci na Amurka, da rabin kuɗinta saboda ta yi haɗari, ba lallai ne hakan ya rage maka abin da za ka biya yadda kake zato ba. A shekarar 2022 an ɗora kashi 20 cikin ɗari na kuɗin fito da ƙarin kashi 15 a kan tsofaffin motoci, ga harajin VAT na kashi 7.5, ga wasu ƙananan caje-caje. Duk wannan da dala ake lissafa shi sannan a juya zuwa naira bisa farashin ranar, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 mun ga yadda lissafin da aka yi lokacin da mota ke barin Amurka yake rushewa kafin jirgi ya iso. A ganina, duk wanda bai ware kuɗin fito da rara a kai ba tun farko, gara ya haƙura ya sayi mota a gida.

Akwai wani maƙwabcina da wani ejan, wato mai fito wa mutane da kaya daga tashar jirgi, ya yi wa alkawarin fitar da motarsa da kuɗi ƙasa da na kowa. Motar ta iso lafiya, aka yi murna, aka wanke ta, yara suka zagaye ta suna shafa madubi. Bayan wasu watanni aka tsayar da shi a shinge a hanyar Gusau, aka duba lambar takardarsa a na'ura, sai aka tarar abin da aka biya bai kai abin da ya kamata ba. Ejan ya daina ɗaukar waya, shi kuma ya koma neman bashi don cike giɓi da tara. Araha ba ta ado. Shi ya sa nake cewa a nemi ejan mai lasisin kwastan, a karɓi takardar ƙiyasin da hukuma ta fitar, a biya kuɗin ta banki da kanka in da hali, kuma a riƙe rasit ɗin bankin tare da takardar sakin mota.

Waɗannan takardu za su yi maka aiki tun daga ƙofar tashar. Daga Legas zuwa nan tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, ta Ilori da Jebba da Mokwa da Kontagora da Yawuri da Jega da Tambuwal, kuma jami'an kwastan na sintiri suna kan hanyar suna tambayar takarda. Ka ba direban da zai taho da motar kwafi, ka ajiye na asali a hannunka, domin su ne za a nema a ofishin rajista kafin a ba ka lambar Sakkwato, kuma su ne mai saye zai fara tambaya ranar da ka tashi sayar da ita.